Makonnin Feshin Wake a Giyaɗe

Litinin, 11 ga Satumba, 1989. Ƙarfe biyar na yamma.

Yau na ceci yaro, kuma ba na jin kunyar rubuta hakan. Shekarata tara ina aikin jinya, biyar daga ciki a wannan ɗakin shan magani na Giyaɗe. Na san abin da hannuna zai iya.

Wajen sha ɗaya wata Bafillatana mai suna Dijatu ta shigo a guje da ɗanta a kafaɗa, mijinta Hammadu na biye da ita ko takalmi babu. Sunan yaron Jaji, shekararsa uku. Miyau na dalala, gumi kamar an tsamo shi daga tafki, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Kafin in taɓa shi na ji warin. Na san warin nan sarai.

Na ce, "Me kika shafa masa a ka?"

Ta ce, "Sista Joan, ƙwarƙwata ce ta hana shi barci. Maganin feshin wake na ɗan ɗiga a man shanu."

Ban tsaya faɗa ba. Na tuɓe shi, na aske kan, na wanke shi da sabulu har sau uku, na yi masa allura, na sake yi. Kafin la'asar numfashinsa ya daidaita. Hammadu ya zauna daɓas a ƙasa yana ta godiya da Fillanci, rabi na gane, rabi ban gane ba.

Mijina Edward bai dawo ba tukuna. Malamin gona ne, yanzu kuwa wake ya yi fure, kullum yana gonakin mutane da famfon feshi a bayansa. 'Yarmu Yunis ta cinye tuwonta tas. Cikina ya shiga wata na biyar, lafiya lau.

Talata, 12 ga Satumba. Ƙarfe biyu na rana.

Jaji ya sha kunu, ya zauna da kansa. Na kira sunansa sau huɗu bai waiwayo ba. Da cokali ya faɗi a bayansa, nan take ya juya.

Na tambayi Dijatu ko tun jiya ne ya daina amsawa. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Ai bai taɓa amsawa ba, Sista. Ko Inna bai taɓa cewa ba. In ya ga shanu sun dawo sai ya yi ta kaɗa hannu yana tafiya a kan yatsu. Surukata ta ce iska ce."

Na ce mata ba iska ba ce. Ta ce to mene ne? Na ce zan duba kunnensa.

Tana wannan bayani, idonta na kan baranda, inda Yunis take zama kullum in ina aiki. Na tashi na tura ƙofa saboda ƙudaje.

Alhamis, 14 ga Satumba. Da safe.

Kunnen Jaji lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 16 ga Satumba. Bayan magariba.

Na je rugarsu. Hammadu ya aiko da kekensa, amma da wannan cikin na gwammace in taka. Tafiyar awa guda ce ta tsakiyar gonaki, wake ko'ina ya yi shar, abin sha'awa.

Abin da na fara gani a rugar galan ne. Rawaye, masu murfi ja. Ɗaya a gindin bukka cike da ruwan sha, ɗaya an yanke bakinsa ana ɗebo ruwa a rijiya, biyu an zuba madarar safe. An kankare takardar jiki, amma hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa yana nan a kan ɗaya. Na buɗe na sansana. An wanke, sun ce da toka da yashi ma. Warin bai fita ba.

Matan sun ce su ke ɗebo ruwan da ake haɗa maganin a gonakin ƙauye, da goyonsu a baya. Dijatu ta yi wannan aikin damina biyu, ɗaya tana da cikin Jaji. Da hannu ake motsawa in babu kara kusa. In bakin famfo ya toshe, maza su sa baki su hura. Abin da ya rage a galan su shafa wa shanu saboda kaska.

Sun kawo mini yara biyu ban tambaya ba. Wata yarinya 'yar shekara biyar da ba ta iya riƙe ludayi, da wani yaro da ya kusa shekara uku bai fara tafiya ba. Na auna su, na duba su da kyau. Ba tamowa ba ce, suna shan nono isasshe. Yara uku a ruga mai bukka goma sha biyu. Ba zan ce na gano dalili ba. Amma na san abin da idona ya gani.

Na tambaya a ina suke samun galan ɗin. Hammadu ya washe baki. "Malam Edward ne ke ba mu in sun ƙare. Mutumin kirki, wallahi. Ai maigidanki ne ko?"

Na ce shi ne.

Sun ba ni kindirmo a ƙwarya. Na karɓa na gode. Na zubar a hanya.

Yunis ta ci abinci sosai.

Lahadi, 17 ga Satumba. Ƙarfe ɗaya.

A coci da mata suka fara buga tulu da kacau-kacau, Yunis ta toshe kunnuwanta ta shige ƙarƙashin benci. Na fitar da ita waje kamar kowane mako. Wata daga cikin matan zumunta ta biyo ni, ta dafa ni ta ce lokaci ne, kowane yaro da ranarsa. Na ce mata haka ne. Ƙanena ma sai da ya shekara uku kafin ya yi magana, ga shi yau yana koyarwa a Bogoro.

Yunis tana da shekara uku da wata takwas.

Laraba, 20 ga Satumba. Ƙarfe shida na yamma.

Na yi wa Edward maganar galan. Na jira sai da ya ci abinci.

Ya ce, "Maman Yunis, su suke roƙona. In na hana, su ce rowa ce. Kuma na ce musu su wanke."

Na ce wanki ba ya fitar da shi daga roba.

Ya ce ya fi ni sanin maganin nan, a makarantar aikin gona ya koye shi. Ya tuna mini shekarar da muka zo, yadda ƙwari suka cinye furen wake mutane suka tashi da harawa kawai. Ya ce yanzu akwai gidajen da suke cin wake har bazara saboda famfon nan nasa. Gaskiyarsa ce. Ni ce nake auna yaran garin nan, na ga bambancin a sikeli.

Na ce ban ce a daina feshi ba. Na ce galan su daina zuwa ruga, kuma katan-katan ɗin maganin da ke ɗakin ajiyarmu su bar gidan nan. Bango ɗaya ne tsakaninsu da gadonmu, bangon ma bai kai rufi ba. Na ce daga yau ba zan ƙara wanke kayan feshinsa ba, ina da ciki.

Ya ce, "Wancan karon ma ai kina da ciki kika riƙa wankewa, me ya faru?"

Yunis tana tsakar gida tana jera duwatsu. Babu wanda ya kalli wajen a cikinmu.

Jumma'a, 22 ga Satumba. Da yamma.

Ya wanke kayansa da kansa a bakin rijiya. Katan-katan suna nan.

Litinin, 25 ga Satumba. Bayan magariba.

Na kai Dijatu da Jaji Azare wajen likitan yara. Na tafi da Yunis don babu wanda zan bar wa ita. A kan buhunan gero muka zauna a bayan motar, Dijatu ta ba ni wajen da ba ya jijjiga.

Likitan dattijo ne, na yi aiki a ƙarƙashinsa wata shida lokacin ina ɗaliba. Ya duba Jaji kusan rabin awa. Na ba shi labarin ruga, ban rage komai ba. Ya cire tabarau ya ce abin da ya sami yaron ranar da aka kawo mini shi guba ce, babu shakka, kuma na yi abin da ya dace. Amma rashin maganar, ya ce ba zai iya rantsewa ba. Ya ce akwai likitocin da suke zargin irin waɗannan magunguna suna taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, amma zargi ne, ba a tabbatar ba. Ya ce ya ga yara irin Jaji da iyayensu ba su taɓa ganin famfon feshi ba. Wahalar haihuwa na kawowa, zazzaɓi mai zafi na kawowa, wani lokaci a rasa dalili gaba ɗaya.

Na ce, "To in ce wa matan me?"

Ya ce, "Ki ce musu guba ce, su nisanta ta da masu ciki da yara. Wannan ba sai an jira tabbaci ba."

Muna shirin fita ya leƙa ƙarƙashin teburinsa. Yunis ta kwashe murafen kwalabe daga tire, ta jera su layi ɗaya, manya gaba, ƙanana baya. Ya tsuguna ya ce mata sannu. Ya tafa hannu kusa da ita. Ya ɗauke murfi ɗaya daga layin, ta ƙwalla ƙara har sai da ya mayar.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Tawa ce. Rakiya ta yi."

"Shekararta nawa?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Sista Joan, zauna mana."

Na ce motar Giyaɗe ba ta jiran kowa. Na ɗauke ta muka fito.

A hanya Yunis ta yi barci a cinyar Dijatu. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta, ban san yadda aka yi ba. Mun wuce gonaki da yawa, sannan Dijatu ta ce a hankali, "Tun ranar farko na gane, Sista. Shi ya sa na saki jiki da ke."

Na ce mata ta riƙe Jaji da kyau, akwai gargada a gaba.

Talata, 26 ga Satumba.

Babu abin rubutawa.

Alhamis, 28 ga Satumba. Ƙarfe huɗu.

Na koma ruga da tuluna shida da na sa mai ginin tukwane ta yi mini, da ƙusa babba da guduma. Na tara matan a inuwar tsamiya. Fillancina ba shi da kyau, Dijatu ce ta riƙa gyara mini, suna ta dariya. Dariyar ta taimaka.

Na ce musu abu huɗu. Mai ciki ba za ta ɗebo ruwan feshi ba. Goyo ba zai shiga gonar da aka fesa ba sai bayan kwana uku. Maganin wake ba zai taɓa kan yaro ba, in ƙwarƙwata ce a zo wurina. Galan kuma a ba ni.

A kan galan aka yi gardama. Wata tsohuwa ta rungume nata ta ce tulu yana fashewa, wannan kuwa ko saniya ta taka shi ba ya komai. Na buɗe murfin na miƙa mata na ce ta sansana, in ta yarda ta sha ruwan a gabana to ta riƙe abinta. Ta sansana, ta yamutsa fuska, ta miƙo mini.

Goma sha ɗaya na huda. Hammadu bai ji daɗi ba, ya ce kaska fa? Na ce wannan tambayar malamin dabbobi ce, zan nemo masa shi. Zan nemo shi kuwa.

Na dawo da ƙarfina. Wannan aikin na iya shi.

Lahadi, 1 ga Oktoba. Ƙarfe uku na rana.

Ban je coci ba. Na ce ƙafata ta kumbura.

Ina ta tuna ɗakin da muka fara zama a garin nan, kafin a ba mu wannan gidan. Ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, taga ƙarama. Katan-katan a ƙarƙashin gado suke, famfo a rataye bayan ƙofa. A nan na yi goyon cikin Yunis, a nan na yi jego. Ɗakin yana da kuɗin cizo, irin waɗanda ko a rana aka shanya katifa ba sa mutuwa.

Na tsaya nan.

Yunis ta ci abinci.

Talata, 3 ga Oktoba. Da yamma.

Edward ya je feshi kusa da ruga, ya ga galan a huhhuje an tara su a rami. Ya ce matan da suka saba gaishe shi sun janye yaransu da suka hango shi.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya tsaya a bakin madafi ya ce, "Shekara biyar ina shiga gonakin mutanen nan. Yanzu kin sa suna ganina kamar mai kawo annoba."

Na ce ban ambaci sunansa ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Ba sai kin ambata ba. Bar zancen ruga. Faɗa mini a fili, Joan. Yarinyar nan. Kina cewa ni ne?"

Rabon da ya kira ni da sunana na manta. Ina riƙe da muciya, na ci gaba da tuƙi. Ya jira. Na san amsar da ya kamata in ba shi, tana bakina. Na bar shi ya tsaya har ya gaji.

Ya ɗaure jakarsa a babur ya ce akwai aiki a Shira.

Laraba, 4 ga Oktoba.

Na karɓi haihuwa biyu. Duka lafiya.

Asabar, 7 ga Oktoba. Da safe.

Bai dawo ba. Duk babur ɗin da ya wuce sai Yunis ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta leƙawa, tsayawa kawai take yi. Wanda ke cikina ya fara naushi sosai.

Na kwashe katifarmu na koma falo. Katan ya fi ƙarfin ɗaukata, da na fitar da su da kaina.

Talata, 10 ga Oktoba. Ƙarfe biyar na yamma.

Ya dawo da azahar. Ya rame. Ya ce kwana biyu kawai ya yi a Shira, daga nan ya wuce Azare ya nemi likitan da na ambata masa, ya yini a layi da mata masu goyo har aka kira shi. Ya kai masa takardar jikin galan, suka karanta tare.

Ya zauna a kan turmi ya ce, "Ni na kawo shi ɗakin da kike kwana. Ni na riƙa ɗaukarta da kayan aiki a jikina, tana tsotsar wuyan rigata. Na yarda. Ni ne."

Da na yi shiru yau ma, da shi ke nan, zai ɗauka ya riƙe har ya mutu. Na san halinsa.

Na ce, "Baban Yunis, ka tuna kuɗin cizon ɗakin bayan kasuwa? Ka ɗauka rana ce ta kashe su."

Ya ɗago kai.

Na gaya masa. Ranar da ya tafi taro Bauchi, ina da cikin wata bakwai, na sauke famfonsa na haɗa maganin da kaina, na ninka abin da na ga yana zubawa don in gama da su gaba ɗaya. Na fesa katifa, na fesa bango, na fesa tabarma. Na rufe taga. A ɗakin na kwana, na yi ta amai na ce laulayi ne. Da Yunis tana da wata biyu suka dawo suna cizonta, duk jikinta ya yi rudu-rudu, na sake yi. Har ɗan gadonta. Ni da na yi makarantar jinya. Ni da na tsaya a kan Dijatu ina tambayarta me ta shafa wa ɗanta.

Kusan shekara huɗu ban gaya wa kowa ba. Ko a nan ban iya rubutawa ba sai yau.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Likita ya ce ba a sani ba."

Na ce na ji shi da kunnena.

Ya ce, "To ko mu biyu ne, ko ba kowa. Ba za ki ɗauka ke kaɗai ba, ni ma ba zan ɗauka ni kaɗai ba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shi ma ya yi. Da muka gama ya tashi ya tuɓe riga, ya fara fitar da katan-katan ɗaya bayan ɗaya.

Jumma'a, 13 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Ya kafa rumfar kwano mai kwaɗo a bayan ofishinsu, can maganin zai zauna. Ya ajiye bokiti da sabulu a wurin, sai ya yi wanka ya canza kaya zai shigo gida. Mun wanke ɗakin ajiya, mun bar shi a buɗe.

Yau tare muka je ruga. Maza sun taru, fuska ba walwala. Edward ya cire hularsa ya ce galan ɗin nan shi ya ba su, kuskurensa ne, ba na matansu ba. Hammadu ya ce, "To Malam, mu daina feshin ke nan?"

Ya ce a'a, in an daina ƙwari za su cinye waken. Ya nuna musu yadda za su ɗaure hanci da baki da ƙyalle, su ba iska baya, su motsa da kara, su zare bakin famfo su wanke maimakon hurawa. Wani dattijo ya ce su da suka shekara suna yi ba abin da ya same su, me ya sa yau ake tsorata su?

Edward ya ce, "Baffa, ba zan ce maka maganin nan ne ya hana yaranku magana ba, don ban sani ba, likita ma bai sani ba. Amma ina da 'ya a gida, ta kusa shekara huɗu, ba ta taɓa ce mini Baba ba. In akwai abin da zan iya kaucewa saboda wanda ke tafe, zan kauce."

Babu wanda ya ƙara gardama. Dattijon ya aika aka ɗauko wani galan da aka ɓoye a bayan garke, ya miƙa wa Edward da hannunsa.

Dijatu za ta riƙa kawo Jaji gidana duk Talata. Likita ya ba Edward wasu dabaru na koya wa irin yaran nan nuna abin da suke so da hannu. Za mu gwada a kansu su biyu.

Litinin, 16 ga Oktoba. Ƙarfe takwas na safe.

Na zo aiki da wuri, kafin layi ya taru. Na ɗauki sabon kati daga kabad.

Suna: Yunis Edward. Shekaru: uku da wata tara. Abin da ke damunta: ba ta magana, ba ta amsa sunanta, ba ta kallon ido, ƙara tana firgita ta. Abin da ya faru lokacin ciki: na rubuta duka, da watan, da yawan maganin, da sau nawa. Sunan uwa: Joan Edward. Wadda ta duba: Joan Edward.

Na sa katin a cikin na sauran yaran garin. Alhamis da safe za mu kai ta Azare, ni da ubanta.